Rajistar 'Yar Toribio Yujra

A shekarar da aka ce kowa zai jefa ƙuri'a, har da mata, har da waɗanda ba su san harafi ko ɗaya ba, ni ne magatakardan ƙungiyar manoma ta ƙauyenmu, Tarukani. Ba wai na fi kowa hankali ba ne. Na je yaƙin da ƙasarmu ta yi a Chaco na dawo da ƙafafuna biyu da ɗan Sifaniyancin da zai iya cika takarda, shi ya sa aka ɗora mini. Sunana Hilarión Yujra. Abin da zan faɗa kuwa a kan yayata ne, Saturnina.

Ina shekara shida, tana tara, aka raba mu. Mahaifinmu, Toribio Yujra, yana cikin dattawan da ke ɗaukar tsofaffin takardun gona su taka a ƙafa har La Paz, babban birni, su nuna wa lauyoyi cewa ƙasar da iyalan Montecinos ke kira gandunsu tamu ce, mu ƙabilar Aimara, tun kafin wani Montecinos ya san hanyar tafkin nan namu. Sau uku ya je. Da ya dawo daga ta ukun aka ɗaure shi a turken tsakar gidan gandu, aka tara mutane, aka zane shi, sannan aka wuce da shi kurkukun garin San Blas. Bai fito ba. Bayan mako biyu sarkin gandu, Don Celso Aliaga, ya zo ƙofar gidanmu a kan alfadari ya ce uwargidan Montecinos na bukatar yarinya a kicin. Ina iya tuna innarmu riƙe da linzamin alfadarin tana ta magana, shi kuma yana kallon wani wuri. Ya ɗora Saturnina a gabansa ya tafi.

Shekara talatin da biyu ta yi a gidan nan. Uwargida ta ce sunanta ya cika tsawo, ta kai ta coci aka sake yi mata baftisma, ta koma María. Mukan hango ta in ranar aikinmu a gandu ta zagayo, tana ɗauke da tulu ko tana shanya a bayan gida, amma ba a yarda ta tsaya da mu ba. Ba ta yi aure ba, don uwargida ba ta taɓa ganin lokacin da za ta iya rabuwa da ita ba. Innarmu ta rasu ina Chaco. Saturnina ba ta sami izinin zuwa jana'iza ba.

Sai juyin juya hali ya zo, bayan shekara guda dokar raba gonaki ta biyo baya. Montecinos suka loda kujeru da madubai a babbar mota za su La Paz, kuma da Saturnina suka shirya tafiya. Ta ce bari ta ɗauko mayafinta, ta fita ta ƙofar baya, ta taka har gidana. Matata Casimira ce ta fara ganinta tsaye a bakin shingen tumaki da ɗan ƙulli a baya. Na gina mata ɗaki kusa da namu. Ba ta da yawan magana, Aimarar ma ta ɗan yi mata nauyi a baki don rashin amfani, amma ta koma gona kamar ba ta taɓa barinta ba.

Bayan shekara uku, daidai lokacin tonon dankali, aka buɗe rajistar zaɓe. Wakilin jam'iyyar gwamnati a yankinmu wani ne mai suna Rufino Zabala, wanda ba ya buɗe baki sai da "kwamared". Ya ce mini yana son Tarukani kaf a littafi, kada mutum ɗaya ya rage. Na tattaro su ranar kasuwa muka gangara San Blas, tafiyar awa uku. An kafa tebur a dandalin gaban coci. Da yake babu mai takardar haihuwa a cikinmu, an aro littattafan baftisma. Mai kula da coci yana buɗewa yana nemo suna, wani ɗan birni mai tabarau yana rubutawa.

Mata suka yi layi suna ta zolayar juna. Mama Gumersinda, wadda ta haura saba'in, ta ce ita in an ba ta katin sabon miji za ta zaɓa. Wata ta ce ta yi haƙuri, ba a sa gwauraye a akwatin ba tukuna. Saturnina tana bayansu, ta sa tufafinta na zuwa coci, tana murmushi.

"Suna?" in ji mai tabarau, ko ɗagowa bai yi ba.

"Saturnina Yujra Callisaya."

Mai kula da coci ya yi ta buɗa shafi. Can ya ɗago ya dube ta. "A'a, wannan ai María ce ta gidan Montecinos. Ni na riƙe kyandir a ranar." Ya jawo wani littafin ya ɗora yatsa. "Ga ta nan. María Montecinos, 'yar aikin gida. Uba, ba a sani ba. Uwa, ba a sani ba."

Mai tabarau ya tsoma alƙalami zai rubuta. Saturnina ta ɗora tafin hannunta a kan takardar.

"Sake karanta mini wurin uban," ta ce, da Sifaniyanci mai tsabta irin na falon gandu.

"Ba a sani ba."

"Wane ne bai sani ba? A garin nan ya mutu, bayan bangon can." Ta nuna kurkuku da haɓa. "Duk wanda ya kai hamsin a dandalin nan ya san shi."

"Mama, ni abin da ke littafi nake rubutawa. Ɗage hannunki, layi da tsawo."

"To kada ka rubuta komai."

Rufino ya matso yana dariya. "Haba kwamared, ai ba suna ne zai shiga akwati ba. Ki karɓi katinki ki jefa ƙuri'a, daga baya a gyara. Shekara ɗari huɗu Aimara na jiran wannan rana, yau kuma ki tsaya gardamar suna?"

"Tunda na iya jiran ɗari huɗu, zan iya ƙara 'yan kwanaki," ta ce. Ta ɗage hannunta ta fita daga layi.

A hanyar komawa na ƙi yi mata magana har muka wuce gadar dutse. Daga nan na kasa daurewa.

"Yaya, kin ba ni kunya a gaban mutumin jam'iyya. Ƙauye guda na kawo, ke kaɗai kika rage, kuma ke ce 'yar'uwar magatakarda."

"To ka cire ni daga danginka, ka ce ni Montecinos ce. Littafi ma yana bayanka."

"Ba haka nake nufi ba. Mun san ko wace ce ke. Kowa a Tarukani Saturnina yake ce miki. Wannan takarda ce kawai."

Ta tsaya ta gyara ƙullin bayanta. "Hilarión, a kan takarda aka kashe tsohonmu. Kai da kake cika su kullum, kai ne za ka ce mini takarda ce kawai? Gwamnati ba ta taɓa tambayar sunana ba sai yau. In na ce mata María, na zama María har kabari, kuma wannan karon da bakina."

Casimira da ke bayanmu ta ce, "Sai ka nemi mai duba tumaki tun yau, don ka san raka ta za ka yi."

Innarmu 'yar Ancomaya ce, can bayan tsaunuka, kuma a can aka yi wa Saturnina baftisma ta farko tana jaririya. Kwana biyu muka yi a hanya, da dafaffen chunyo, wato busasshen dankali, da ganyen koka da muke taunawa a jaka, sanyi yana tsattsaga mana leɓe. Limamin cocin can mutumin kirki ne, da kansa ya fito mana da littattafan. Amma rufin ɗakin ajiya ya yi shekaru yana yoyo. Littafin shekarar da muke nema ya manne ya zama kamar tubali, in ka ɓamɓaro shafi sai ya marmashe a hannunka. Saturnina ta daɗe tana jujjuya shi. Sannan ta yi wa limamin godiya ta ce mu tafi.

Alƙalin San Blas ya bar mu tsaye a baranda yini guda kafin ya saurare mu. Na kai masa dattawa huɗu daga Tarukani, kowanne a shirye yake ya dangwala yatsa. Ya ce shaidarsu ta nuna Toribio Yujra ya haifi 'ya mai suna Saturnina, amma ba ta nuna ita ce Maríar da ke littafin coci ba. Sai an sami wani daga ɓangaren gidan gandu, wanda ya iya sa hannu, ya rantse cewa yarinyar da ta fita daga wannan gida ita ce ta shiga wancan. Ya faɗa ne yana tattara takardunsa, da alama ya san ba za mu samu ba.

Mutum ɗaya ne ya rage. Don Celso bai bi iyayen gidansa La Paz ba, don ba su ɗauke shi ba. Yana nan San Blas bayan kasuwa, shi da 'yarsa Elvira, suna sayar da kyandir da gishiri da barasa a wani ɗan shago. Tun shekarar raba gonaki bai leƙa wajen gari ba, kuma yana da dalili. Mun ƙone masa rumbu, ni na riƙe wutar.

"Wannan mai sauƙi ne," na ce mata. "In ɗebi mutum goma da bindigogin ƙungiya, kafin rana ta take zai sa hannu sau bakwai."

"Ka sa masa bindiga ya rubuta Yujra, gobe wani ya sa masa bindiga ya ce ƙarya ya yi. Ba na so. Kai ma ba na son ganinka a wurin da wannan fuskar taka."

"To ta yaya?"

"Zan je in tambaye shi."

Ranar farko na bi ta duk da haka, na tsaya nesa wajen masu kifi. Don Celso na zaune a kujera a bakin shago, ya rufe gwiwoyinsa da bargo. Ya tsufa ya ranƙwafe. Da ya gan ta ya ce, "María, me kike nema?" Ta shimfiɗa mayafinta a gefen ƙofa ta zauna, ta fito da mazari da ulu ta fara kaɗi.

"Da ke nake, imilla." Haka suke kiran duk 'yar aiki, ko da ta yi furfura.

"Na ji ka kira wata ne, Don Celso. Na zaci tana ciki."

Ta gaya masa abin da alƙali ya ce, a taƙaice. Ya saurara, amma idonsa na kaina daga nesa.

"Kun ɗauka ni yaro ne? In je gaban alƙali in rantse na ɗauke 'yar mutane, ƙaninki kuma ya taro 'yan iskansa su rataye ni a dandali da shaidar bakina?"

"Me zan yi da wuyanka? Ko romo ba zai yi ba. Hannunka nake so, shi ma na ɗan lokaci."

"Ban san komai ba. Tashi daga ƙofata."

"Titi na gwamnati ne."

Haka ta yi ta yi. Ta fita da sanyin safiya ta taka awa uku, ta zauna tana kaɗi har rana ta karkata, ta taka awa uku ta dawo. Casimira ta haɗa nata tonon dankalin da na Saturnina. Rana ta biyu Elvira ta watsa ruwan wanke-wanke a ƙofar, Saturnina ta ɗan gusa ta ci gaba da kaɗinta. Rana ta huɗu matan kasuwa suka fara biyowa ta layin da gangan, suna cewa, "Don Celso, kasuwa ta buɗe ke nan, har ka ɗauki mai gadi?" Masu sayen kyandir suka ragu, don ba kowa ke son tsallake ta ba. Rana ta shida aka yi ruwan ƙanƙara. Elvira ta fito da kwanon miya mai zafi ta ajiye kusa da ita, ta koma ciki.

Dugaduganta suka tsage har suna jini. Casimira na shafa mata kitsen tunkiya na ce, "Yaya, tsohon nan zai iya mutuwa a kujerar nan bai buɗe baki ba. Har yaushe za ki yi wannan?"

"Shekara talatin ina jiran uwargida ta gama cin abinci a tsaye," ta ce. "Nan kuwa a zaune nake."

Rana ta tara ta faɗo ranar kasuwa, na kai ulu, shi ya sa na ga abin da idona. Saturnina ba ta ko tsayar da mazarin ba ta ce, "Na yi tunani a hanya, Don Celso. Na fara gane ba ƙi kake yi ba, mantawa ka yi. Ba laifinka ba ne, tsufa ne. Gara in daina wahalar da kai."

Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin mutumin nan ya san abu ɗaya da yake taƙama da shi. Bai taɓa riƙe littafi ba. Tumakin gandu dubu uku ne, amma ya san wadda ta ɓata, ya san a hannun wa ta ɓata. Na ga fuskarsa ta yi ja.

"Ni ne zan manta?" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Toribio Yujra, gida na uku daga rafi, ƙofa na kallon tafki. Matarsa Fermina Callisaya, 'yar Ancomaya. 'Ya'ya biyu, ke da wancan mai ƙone rumbun mutane. Ranar Alhamis ce, mako guda bayan bikin Candelaria na coci, kina sanye da jan siket, kika cije ni a nan." Ya nuna gindin babban yatsansa. "Ni za ki ce wa na manta."

Akwai mata wajen sha biyar a tsaye, ga masu kifi, ga ni. Shi ma sai a lokacin ya ji abin da ya fita daga bakinsa. Ya koma ya jingina da kujera.

"Baba," in ji Elvira daga cikin shago, "ka riga ka faɗa a gaban rabin kasuwa. Alƙali ne kawai bai ji ba."

Saturnina ta naɗe zarenta a hankali. "Ni kam na manta da cizon nan," ta ce.

Ya ce zai je, amma da sharaɗi. Sai ƙungiyar manoma ta rubuta masa cewa ba wanda zai taɓa shi, ko 'yarsa, ko shagonsa. Saura kwana biyar a rufe rajista.

Na kira taro a tsohon ɗakin ajiyar gandu, inda makarantarmu take yanzu. Na zaci abin rabin awa ne. Kwana uku muka yi a kai. Akwai mutanen da har lokacin ba sa iya kwanciya rigingine saboda bulalar Don Celso. Tata Evaristo Limachi, wanda ya fi kowa tsufa a ƙungiyar, ya tuɓe bargonsa da rigarsa ya juya wa taro bayansa mai cike da tabon bulala, ya ce in karanta wannan takardar tukuna kafin in rubuta wata. Wasu suka ce don yayata ce nake son yafe haƙƙin jama'a. Ban yi musu sosai ba, don rabin zuciyata na tare da su.

Rana ta uku Saturnina ta shigo. A lokacin mata ba sa magana a taron ƙungiya, bakin ƙofa suke zama. Ita ta wuce har gaban tebur.

"Tata Evaristo, ban ce ka yafe masa ba. Ni ma ban yafe ba. Amma shekara uku ke nan kuna cewa za ku kashe shi, ga shi can yana sayar da gishiri. Da za ku yi da kun yi. Tunda ba za ku yi ba, ku bar ni in mori tsohon kafin ya mutu da kansa. Abin da ke cikin kansa babu shi a littafin kowa. In ya tafi, da shi zai tafi."

Tsohon ya daɗe yana tauna kokarsa. "Kamar Toribio ke magana," ya ce. "Shi ma haka ya dame mu." Ya mayar da rigarsa, ya ce a rubuta, amma shi ba zai dangwala ba. Aka ɗaga hannu, muka tsallake da ƙyar.

Washegari Don Celso ya je kotu sanye da wani tsohon kwat, Elvira na riƙe da hannunsa. Ya rantse, ya maimaita abin da ya faɗa a kasuwa, bai rage komai ba. Alƙali ya tambaye shi ko umarni aka ba shi. Ya ce umarni ne, an ce a ɗauke 'yar don saura su ga abin da kai ƙara La Paz ke jawowa. Bai nemi gafara ba, ita ma ba ta tsaya jiran ya nema ba. Yana ajiye alƙalami ta ce, "Ni kaɗai ce ka ɗauke?"

Don Celso ya ce, "Ku bakwai ne, a shekarun da na yi. Sauran an tura su gidajen dangin uwargida a La Paz. Ɗaya kuma garin Cochabamba."

"Hilarión, fito da takarda."

A barandar kotu, a kan gwiwata, na rubuta sunaye shida, kowanne da sunan ubansa da sunan da aka canza masa. Na ukun Pascual Tarqui ne, ɗan ƙanwar Tata Evaristo, wanda aka ce wa uwarsa zazzaɓi ya kashe shi wata biyu da kai shi gidan gandu.

Alƙali ya ce hukuncin sai an kai babban birni an buga masa hatimi. Kwana ashirin da uku ya yi kafin ya dawo. Rajista ta daɗe da rufewa.

Ranar zaɓe ta raka mu San Blas, ta tsaya a gindin bangon coci tana riƙe wa mata jarirai suna shiga layi. Rufino ya gan ta ya girgiza kai.

"Kin gani ko, kwamared? Ƙuri'a guda ta salwanta."

"Ta María ce," ta ce. "Ka je La Paz ka tambayi uwargijiyarta inda take."

Na yi zaton abin zai ci mata rai a ranar, na yi ta satar kallonta, ban ga alama ba. Da muka koma gida ta sa na karanta mata takardar alƙali sau biyu, ta ce in nuna mata inda sunan tsohonmu yake. Ta daɗe da yatsa a wurin, sannan ta naɗe takardar ta adana. Ƙuri'arta ta farko sai bayan shekara huɗu ta jefa ta.

Amma ba ta zauna jiran wannan ba. Ana gama shanya chunyo ta ce za ta La Paz. Ta taɓa zuwa sau uku a bayan mota tare da akwatunan uwargida, ta san gidajen dangin. Na ce ta bari in sami sarari in raka ta. Ta ce ba ta bukatar mai tsayawa daga nesa yana muzurai. Ƙofofin baya za ta bi, 'yan kicin kuwa ba sa sakin baki in akwai namiji a wurin. Tata Evaristo, wanda ya ƙi dangwala yatsa, shi ne ya ɗaukar mata ƙulli har bakin titi inda ake tare mota.

A cikin shekara uku ta gano huɗu daga shidan. Ɗaya ta riga ta rasu. Ɗaya ta ce ta saba da sunan da take da shi, 'ya'yanta ma shi suka sani, a ƙyale ta, Saturnina kuwa ta ƙyale ta. Biyu suka yarda suka zo gaban alƙali, Don Celso ya sake sa hannu sau biyu kafin ya rasu. Sauran biyun ba mu taɓa jin ɗuriyarsu ba.

Pascual ne na farkon da ta kawo. Ya kusa arba'in, magini ne, ya sauko daga mota da kwat da takalmi, ba ya jin Aimara ko kalma ɗaya. Uwarsa ta daɗe da rasuwa. Tata Evaristo ya zaunar da shi a ƙofar gida, ya fara yi masa bayanin danginsa tun daga kakanni, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, gonar wa ce ta yi iyaka da ta wa. Saturnina ta zauna a tsakaninsu tana juya maganar zuwa Sifaniyanci, in Pascual ya yi tambaya ta mayar da ita Aimara. Rana ta kusa faɗuwa tsohon bai kai rabi ba. Ta ce a bari haka nan sai gobe, ta tura ni in gaya wa Casimira ta ƙara dankali a tukunya, baƙon zai kwana biyu.